Na Rantse Ya Faɗa, Ashe Bai Faɗa Ba

Goggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kada ki tura wasiƙar nan ƙasan sauran. Sau uku ina fara ta ina gogewa. Ban ma san ta inda zan ɗauko zancen ba, amma dai ga shi.

Ni sakatariya ce a wata maɗaba'a, shekarata ta shida ke nan. Muna buga littattafan makaranta, kalanda, katin gayyata, duk dai abin da aka kawo. Ban da amsa waya da buga wasiƙu, ni ce mai rubuta rahoton taro. Ba yabon kai ba, an san ni da saurin hannu. Yadda nake yi shi ne, a wurin taro nakan tsakuro kalma biyu ko uku in sa a littafina, washegari da safe in zauna gaban kwamfuta in warware su su zama cikakken bayani. Manaja yakan ce kaina ya fi na'urar naɗar magana, ni kuma sai in ji kan nawa ya ƙara girma. Nakan kunna naɗi a wayata in ajiye a kan tebur saboda ko-ta-kwana, amma wallahi a shekara shida bai fi sau biyu na koma na saurara ba. Me zan saurara, ni da nake ganin ba na mantuwa?

Akwai wani dattijo mai kula da babban injinmu, Baba Tawada muke ce masa, don hannunsa ba ya rabo da baƙi ko da me ya wanke. Ya fi shekara ashirin a wurin. Ranar da na fara aiki shi ya gyara mini ƙafar kujerata da take rawa, yana tsokanata wai 'yar boko ko guduma ba ta iya riƙewa. Ba shi da yawan magana. In ma zai yi, guntu-guntu yake yin ta, ya faɗi ɗaya ya huta, ya sake faɗin ɗaya ya huta.

Wata huɗu da suka wuce babban injin ya ƙone, ranar wata Alhamis, ana tsakiyar buga littattafan wata makaranta. Aiki ya tsaya cik, ran Manaja ya yi mummunan ɓaci, aka kira taro. Tun kafin mu shiga ake ta ƙus-ƙus a baranda, wai ai Baba ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, ga taurin kai. Ban sa baki ba, amma na ji. A taron aka tambaye shi, ya yi 'yar maganarsa, Manaja ya katse shi da faɗa, aka tashi. Washegari na buɗe littafina, abin da na tarar shi ne: Baba, ƙara, Litinin, aiki da yawa, Laraba. Sai na buga cewa Baba ya amsa da bakinsa cewa ya ji injin yana ƙara tun Litinin, amma saboda yawan aiki ya ci gaba da amfani da shi, bai sanar da kowa ba. Ko ɗar ban ji ba da nake bugawa. Haka na tuna, tsaf, har da muryarsa.

Wannan rahoton aka kai wa mai kamfanin, wanda bai halarci taron ba, kuma da shi aka sallami Baba. Tsarinmu shi ne sai a taro na gaba ake karanta rahoto kowa ya gyara abin da bai yi daidai ba. To kafin taro na gaba ya zo, Baba yana gida.

Ranar da ya zo kwashe kayansa ya tsaya a bakin ofishina da 'yar jakar kayan aikinsa, ya kira ni 'yarsa, ya ce shi fa bai faɗi haka ba. Ya ce tun ranar Litinin ɗin ya gaya wa shugaban sashe, shi kuma ya ce a lallaɓa a gama aikin makarantar tukuna. Goggo, kin san abin da na yi? Na dubi tsabar idon dattijon nan, sa'an mahaifina, na ce masa ya ji tsoron Allah, da kunnena na ji. Har rantsuwa na yi, a gaban mata huɗu masu ninke takarda. Ya gyaɗa kai ya fita.

Makon jiya wayata ta cika, ina share tarkace lokacin hutun rana, sai na ci karo da naɗin taron nan. Ban san abin da ya sa na danna ba. Ga abin da Baba ya faɗa, don yanzu na haddace shi: “Ran Litinin na ji yana ƙara. Ran Laraba aiki ya yi yawa. Na ce…” Nan Manaja ya daki tebur, sauran duk muryar Manajan ce. Shi ke nan fa! Bai ce ya ci gaba ba, bai ce bai sanar ba. Sau bakwai ina mayarwa baya ina nema, kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi a ɗaki. Na shiga banɗaki na kulle, na yi kuka har sai da mai shara ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, har yanzu in na rufe ido ina jin muryarsa yana cewa bai sanar ba. Ga shaida a waya, amma kaina ya ƙi saki. Taɓuwa na yi ne? Ko dama ni maƙaryaciya ce ban sani ba?

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Shugaban sashen nan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya samo mini aikin. Yana zaune a taron, bai buɗe baki ba. In na fito da naɗin za a koma a tambayi Baba abin da ya so faɗa, ƙarshenta a kan kawu abin zai ƙare, mahaifiyata kuwa mai hawan jini ce. Ni ma wa zai ƙara yarda da rahotona? In kuma na yi shiru, Baba yana can da sunan wanda ya ƙona injin mutane. Na ji ya nemi aiki wuri biyu, duk labarin ya riga shi zuwa. Mijina ya lura ba na cin abinci, na ce masa ulsa ce ta tashi. Shekaranjiya na hango Baba a bakin titi yana jiran mota, na sunkuyar da kai na sauya hanya kamar ɓarauniya. Kunyar kaina nake ji, Goggo.

In share naɗin in yi ta neman gafarar Allah, ko in tona? Ki gaya mini gaskiya komai ɗacinta.

'Yarki, Mai Saurin Hannu

Amsar Goggo

'Yata Mai Saurin Hannu, share hawayenki ki gyara zama.

Lafiyarki ƙalau, kuma ranar da kika buga rahoton nan ba ƙarya kika shirya ba. Maƙaryaci ya san gaskiya yake karkatar da ita. Abin da ya same ki yana samun kowa, har ni mai ba ki amsa. Masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke fahimtar magana sun daɗe da lura cewa ba kalmomin mutum muke adanawa ba, ma'anar da muka ɗauka muke adanawa. Ana gama magana ainihin kalmomin suke fara zubewa, abin da ke saura shi ne labarin da muka haɗa a kanmu. Kuma kai ba ya son giɓi. In na ce miki maƙwabciyata ta shanya kaya, hadari ya haɗo, ta dawo gida ranta a ɓace, gobe in aka tambaye ki cewa za ki yi na ce ruwa ya jiƙa mata kaya. Ni kuwa ban faɗa ba. Ke kika ɗinke, ba ki ma ji shigar allurar ba. Ba don wannan ɗinkin ba da hira ta gagara, kowa sai ya riƙa bayani kamar a kotu. Illarsa ita ce, in an kwana an tashi, da wuya mutum ya raba abin da ya ji da abin da ya ɗinka.

Zaren da kika yi ɗinkin da shi kuwa a baranda aka ba ki. Kin shiga taro ɗauke da labarin tsoho mai taurin kai, Baba ya ba ki guntaye biyu da rabi, kanki ya cike sauran da abin da dama yake sa ran ji. Ina kyautata zaton Manaja ma haka ya ji, shi ya sa ya karanta rahoton bai ga abin gyara ba. Muryar nan da kike ji in kin rufe ido, ita ma kanki ne ya haɗa ta. Mutum yana iya samun cikakken tabbaci a kan abin da bai faru ba.

Wannan shi ne uzurinki, kuma iyakarsa ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, kina da laifi. Dattijo ya tsaya a gabanki ya ce bai faɗa ba, naɗi yana cikin jakarki, minti biyar ya ishe ki ki duba, sai kika zaɓi rantsuwa don an saba yabon kanki. Kuma tun ranar da kika saurari naɗin nan, rashin sani ya daina kare ki. Saboda haka kada ki share shi. Yau ɗin nan ki ajiye kwafinsa a wani wuri dabam.

Batun kawu kuma, ki yi hattara kada ki maimaita kuskurenki a kansa. Naɗin ya tsaya ne a “Na ce”, ba ki san ƙarshen maganar ba, kada ki ƙarasa ta da kanki. Baba ya faɗi nasa, kawu bai faɗi nasa ba tukuna. Abin da kika sani tabbas guda ɗaya ne, rahotonki ba daidai ba ne, kuma shi kaɗai za ki gyara. Ki sami kawu kafin ki je wa Manaja, cikin ladabi, ki gaya masa abin da kika gano da abin da za ki yi. Ba izini za ki nema ba. Ki ba shi kwana biyu, in yana da abin faɗa ya je da ƙafarsa, hakan ya fi masa mutunci. Zai ji haushi, wataƙila mahaifiyarki ma ta ji. Ki gaya mata da bakinki a natse, tare da wata babba a dangi da take jin maganarta, kafin ta tsinta a bakin wani. Mijinki ma ki gaya masa, ki daina ɗora wa ulsa abin da ba ta yi ba.

Daga nan ki rubuta gyara, ki sa kalmomin Baba yadda ya faɗe su, ki haɗa da naɗin, ki kai wa Manaja da mai kamfanin. Ki roƙi a kira shi a bar shi ya ƙarasa maganar da aka katse. Ba na miki alkawarin za a mayar da shi, ba na kuma cewa ba za ki sha faɗa ba. Amma shugaba mai hankali ya fi amincewa da sakatariyar da ta kawo kuskurenta da kanta. Nan gaba duk rahoton da abincin wani ya rataya a kansa, ki saurari naɗi kafin ki buga.

Kafin duk wannan, Baba za ki fara zuwa wa. Ki je har gidansa, mijinki ya raka ki, ban yarda da saƙon waya ba. Irin kan da ya yaudare ki shi ne a wuyansa. Mutum in aka ce ya faɗi abu, aka rubuta, aka sa hannu, aka rantse masa a gaban jama'a, yakan fara shakkar kansa. Wata huɗu yana zaune yana juya taron nan a ransa. Ba mamaki yanzu ya fara tunanin ko dai ya faɗa ɗin, ko tsufa ne ya fara taɓa masa hankali. Ki kunna masa naɗin ya ji muryarsa da kunnensa, ki ce masa gaskiyarsa ce, ke kika yi kuskure. Ko ya yafe a ranar ko bai yafe ba, wannan nasa ne, kada ki je ki sa shi aikin lallashinki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran dattijon nan, ya sa ki same shi a gida.

Goggonki