Rigar da ta fito da Yaya Rakiya tsakar gida

Anka, ranar Talata

Yaya Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya Rakiya ta tsaya an ɗauke ta hoto ranar Juma'ar da ta wuce, a tsakar gidan Inna, da rana tsaka, cikin atamfa. Na sa wannan a gaba ne don na san shi za ki fi son ji, kuma aikin jarida ya hana ni ɓoye babban labari a ƙasan shafi. Yanzu bari in gaishe ki yadda ya kamata. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji Shehu da yara, kuma ruwan Legas bai shigar maku gida ba bana. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yin sallah a tsaye. Gero ya yi kyau wajen Bukkuyum, an fara yanka. Hanya dai ba a bin ta sai rana ta ɗaga, Allah ya ci gaba da tsarewa. Hutuna ya kusa ƙarewa, amma ban taɓa yin hutun da ya yi mani daɗi kamar wannan ba.

Kin san an sa bikin Khairat, autar Yaya Rakiya, bayan girbi a Adabka, kuma ke aka ɗora wa sayo atamfar anko ta iyaye. Abin da ba ki sani ba shi ne uwar amarya ta riga ta yanke cewa a ƙuryar ɗaki za ta yi yinin bikin, cikin baƙin hijabinta, mai son gaishe ta ya leƙa. Khairat ta kira ni tana kuka, ta ce rabonta da hoto da mahaifiyarta tun tana firamare, kuma ba ta son ta tafi gidan miji babu ko ɗaya da za ta rataya. A bikin babban ɗanta Yaya ta ce kunyar ɗan fari ce, kowa ya yarda. A na biyu ta ce ciwon kai. Wannan karon ba ta ma nemi dalili ba.

Ke ba ki zo bikin ɗan'uwanmu Murtala a Gummi ba, lokacin kina jinyar surukarki, don haka ba ki ga inda abin ya faro ba. 'Yan matan dangi ne suka zaɓi atamfa da ɗinki, aka tura awon kowa ga tela ɗaya, ya yi mana yanka iri ɗaya tun daga mai shekara ashirin har mai hamsin. Atamfar tana da furanni kowanne kamar faifai. Rigar ta tsaya daidai kwatangwalo, an yi mata tattara a ƙasa, hannun kuma ya kumbura ya tsaya a tsakiyar damtse. Ɗinkin ya yi wa 'yan matan kyau. Mu kuwa, Allah ya isa. Da hoton ya shiga wayoyin dangi, Tukur ɗan Gwaggo, da yake taubashinmu ne ba a hana shi magana, ya ce wa ya ɗaura wa rumbu zani ya kawo shi biki. Kowa ya yi dariya, har da ita Yaya. Wasan taubashi ba a yin fushi da shi, ba a kai ƙara, don haka ba ta da inda za ta ajiye abin sai cikinta. Tun daga nan ta daina shiga taron mata, kuma duk ɗinkin da za ta bayar sai ta ce a ƙara faɗi, a ƙara yadi.

Da ta zo duba Inna makon jiya, na zauna ina kallon kayan da ta shanya, sai na ga matsalar da idon aikina. Lokacin da nake koyon tsara shafi, editanmu ba ya barin a raba shafi biyu daidai, hoto rabi, rubutu rabi. Yakan ce irin wannan shafin ido ba ya sanin inda zai nufa, sai ya tsaya a tsakiya. A ba ɗaya kashi biyu cikin uku, ɗaya ya ɗauki sauran. Daga baya da aka ba ni shafin mata na tarar masu rubutu kan sutura su ma haka suke faɗa game da jiki. To, duk rigunan Yaya suna raba ta gida biyu daidai, kuma layin rabon yana faɗawa ne a inda ta fi faɗi. Ita ga ta ba doguwa ba. Ba jikinta ne ya yi laifi ba, jiki ne na macen da ta haihu ta kuma manyanta, irin nawa da naki. Inda riga ke tsayawa ne.

Na kai maganar wurin Lubabatu, mai ɗinkin mata da ke maƙwabtaka da Inna, muka yi ta gardama. Ita a ganinta babbar mace ana girmama ta ne da yalwar yadi, haka ta tarar ana yi, kuma ta ce kada in zo in mayar da matar malam 'yar fim. Na ce mata ban nemi a matse komai ba, yalwar ce nake so a tara wuri ɗaya maimakon a baza ta ko'ina. In sama ta yi faɗi, ƙasa ta miƙe. Ta ce to a gwada, in ya lalace sunana za ta kira. Samun Yaya ta tsaya a auna ta shi ne babban aiki. Ta ce ita ta wuce wannan, a bar wa yara. Inna ce ta raba gardamar daga kan tabarma, ta ce ita da ta haife ta ba ta wuce kwalliya ba, balle ita, maza Yaya ta tashi ta tsaya. Ta kuma sa aka buɗe akwatinta aka ciro wata tsohuwar atamfa ruwan bula mai ƙananan ganye da ke bin tsawon yadin, ta ce a yanka. Yaya ta gindaya sharaɗi ɗaya, cewa ko kaɗan kada ya kama jiki, don matan unguwa suna ɗaukar karatu a gabanta. Muka ce mun ji.

Ga abin da muka yi, kuma ki karanta a hankali don ya shafi abin da za ki sayo. Rigar mun sauko da ita ta wuce kwatangwalo gaba ɗaya har kan gwiwa, ta faɗo daga kafaɗa a sake, babu tattara. Ita ta ɗauki kashi biyu, zani ya fito a ƙasa kashi ɗaya, miƙaƙƙe, har idon sawu. Zani ɗaya tak, ba biyu da ta saba ɗaurawa ba, don na biyun kauri kawai yake ƙarawa a ciki. Kafaɗar rigar ta tsaya inda kafaɗarta ta tsaya, ba ta zubo kan damtse ba. Hannu ya sauko har kusa da wuyan hannu, inda ya fi siranta, sai awarwaronta ya fito. Wuya mun yi shi mai ɗan tsini zuwa ƙasa, ba mai zurfi ba, maimakon zagayayyen nan mai faɗi. Lubabatu ce ta kawo dabarar tsaga gefe biyu kaɗan, don rigar ta zauna in ta zauna, kuma ita ce ta warware ɗaurin ɗankwalin nan na Yaya mai fukafukai a gefe, ta ɗaga shi sama. Mayafi kuma mai laushi, ba a naɗe shi a ciki ba, an bar bakinsa ya zubo ta gaba. Da muka gama, Lubabatu ta ja da baya tana tafa hannu, ta ce ai ita ma nata za ta sake.

Yaya Murja, da kin ga yadda Yaya Rakiya ta tsaya gaban madubi. Ta juya gefe, ta juyo, ta shafa rigar daga kafaɗa zuwa ƙasa, sannan ta tambayi ko mun tabbata ba ta kama ta ba. Na kamo yadin ta gefe na nuna mata sarari har hannu ya shige. Babu abin da aka rage mata na sutura, hasali ma wannan ta fi tsoffin rufe ta. Ba mu ce ta koma yarinya ba, kuma ba ta koma ba. Ta fito ne a matsayinta, babbar mace mai cikar kamala, irin wadda in ta shigo taro ake gyara zama.

Muna cikin haka, bayan an sauko daga masallaci, sai ga sallamar Tukur, ya zo gaishe da Inna. Na ga Yaya ta kalli ƙofar ɗaki. Amma ba ta shiga ba. Ya shigo, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ɗago ya dubi Yaya sama da ƙasa. Kin san taubashi ba ya yabo, ko zai mutu. Ya ce shi dai ya bar ta gajera, wane irin taki aka zuba mata a Adabka, a taimaka masa da shi don dawarsa ta ƙi tashi. Duk muka juya muna kallon ta. Sai ta gyara mayafi ta ce, "Rumbun ne dai, Tukur. Shi ke ci da irinku duk shekara, sai ka gaishe shi da kyau." Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa sai a lokacin na san ta riƙe kalmar nan duk tsawon shekarun, kuma ranar ce ta fara fitar da ita da bakinta. Tukur ya sake durƙusawa da gangan ya gaishe ta kamar wata sarauniya, ya ciro wayarsa ya ce a bar shi ya gyara ɓarnarsa. Ta tsaya kusa da Inna, ya ɗauka. Ya turo mani hoton, na tura wa Khairat nan take, ta kira tana ihu har ban gane abin da take faɗa ba.

To, ga roƙona. Atamfar da kika turo hotonta, mai manyan da'irori, don Allah kada ki saye ta, ko da mai shago ya rantse ita ake yayi. Ki nemo mai ƙananan ado da ke bin tsawo, launi mai zurfi, kada ya zama akwai wani faffaɗan layi da zai ratsa jiki a kwance. Ki sa a ware turmin a riƙe maki shi a tsaye daga nesa kafin ki biya, don a ninke komai kyau yake yi. Na kuma shawo kan iyayen biki cewa bana yadi ɗaya za mu yi, amma kowa da ɗinkin da ya dace da ita. Gwaggo ta ce wannan ba anko ba ne, na ce a hoto launi ake gani, ta ce za ta duba. Ke ma ki turo awonki na yanzu, ba na shekarun baya da kike turowa ba. Ke doguwa ce, taki rigar za ta fi kyau in ta tsaya sama kaɗan, zani ya ɗauki kashi biyun.

Kada in yi maki ƙarin gishiri: Yaya ba ta ce da bakinta za ta fito ranar bikin ba. Na tambaye ta da za ta hau mota ranar Asabar, ta ce Allah ya kai mu. Amma da hannunta ta ninke kayan ta sa a saman jaka, ba a ƙasa ba.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage aiki. Ki gaida Alhaji Shehu da kyau, ki shafa mani kan Ishaq, ki ce wa Hamida ina sane da jarrabawarta, Allah ya ba da sa'a. Lubabatu ma ta ce a gaishe ki tun kafin ta ga awonki. Allah ya haɗa fuskokinmu a Adabka cikin alheri.

Ƙanwarki,
Hamdiyya

Ƙari: Har na rufe takardar sai Barau direba ya shigo kawo wa Inna saƙo daga Bukkuyum. Ya ce matarsa ta je wani suna a Adabka jiya, ta ga Yaya zaune a tsakar gida cikin mata, da atamfa ruwan bula mai ganye. Na kira wayar Yaya, ba ta shiga. Ban tabbatar ba tukuna.