Ka Riga Ka Tsira, Yaya, Ka Koma

Zuwa ga Yayana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na rubuto ne don ka san bakina nauyi gare shi.

Wata huɗu ke nan da rasuwarka, kuma wata huɗu ina fushi da kai. Ko addu'a na ɗaga hannu zan yi maka, sai ta maƙale. An ce mana ka riga ka tsira, da ƙafarka ka koma. A littattafan soyayyar da kake tsokanata a kansu, jarumi yakan dawo gida. Kai fa?

Ranar Laraba sojan da ka koma dominsa ya zo gidanmu a Tudun Wada, yana dogara sanda. Bulus sunansa. Na ƙi kai masa ruwa, na laɓe bayan labule.

Ya ce kwanton ɓauna 'yan bindiga suka yi muku da hantsi, gaba da Bilbis. Kowa ya samu dutse ya fake, shi kaɗai ya rage a fili cikin gonar dawa, harsashi a cinya. Kai ka ja ciki ka je, ka goya shi. Saura taku kaɗan aka same ka a haƙarƙari, amma ba ka sauke shi ba sai bayan dutsen.

Bai san kai ɗan fari ne ba, bai san Inna ba ta kama sunanka, ba a kuma yabonka a gabanta. Ya durƙusa yana ta ɗanki Sanusi, ɗanki Sanusi. Na ɗauka za ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta tashi ba. Can ta tambaye shi ko Sanusi ya samu kalmar shahada. Yaya, da bakinta ta faɗi sunanka.

Bulus Kirista ne, amma ya riƙe abin da ya ji kana maimaitawa. Ya faɗa mata shi a hankali, bai ɓata ko harafi ba.

Ban san lokacin da na ɗebo ruwa a randa ba. Na fito na miƙa masa da hannuna.

Har yanzu da sauran fushi kaɗan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma yau addu'ar ta fito. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya ɗauke ka kamar yadda ka ɗauki Bulus. Amin.

Ƙanwarka,
Nafisa