Za a Sallame Ni Saboda Manhajata Ba Ta Lalacewa

Tanti Smaranda, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama.

Ina aiki a wani kamfanin manhaja a nan Cluj. Ni ce ke kula da tsohuwar manhajar da kantunan magani ke odar kaya da ita. Waɗanda suka zana ta, suka gina ta, suka yanka kek ranar sakinta, duk sun koma Munich. Ni aka bar wa reno. Kowace safiya ina leƙa ta, in na ga inda za ta tsage in ɗinke tun kafin kowa ya gani. Ba ta taɓa tsayawa a hannuna ba.

To ofishinmu yana da al'ada: duk wanda gyaransa ya karya manhaja, washegari shi zai kawo wa kowa placinta, wato wainar fulawa mai cuku, da zafinta daga gidan burodi. Akwai wani abokin aikina, Tiberiu, wanda matar gidan burodin ma ta san shi da suna. Ba ya gwaji. Ya ce gwaji na matsorata ne. Sai ya saki sabon abu ranar Juma'a da yamma, komai ya rushe, ya tattare hannun riga yana ihu a kawo kofi, ya gyara abin da shi ya ɓata, a tafa masa. A bikin ƙarshen shekara shi aka ba kambun gwarzo. Ni kuwa in na wuce sai ya ce, "Hajiyar gidan tarihi, yaushe za mu ci placintarki? Ko sai a ranar sadakar arba'in ɗinki?" Kowa ya kwashe da dariya, har da ni, don ban san me zan yi da fuskata ba.

Yanzu an kawo sabon manaja, Horatiu, aikinsa rage ma'aikata. Ya kira ni cikin ladabi, ya ce ya duba bai ga ranar da manhajata ta ba da matsala ba, to ni me nake yi tun safe? Wallahi Tanti, haka na tashi na koma kujerata. Ƙarshen bazara za a yanke hukunci, ga mahaifiyata a Turda ni kaɗai gare ta.

Na san wani layi guda a cikin rubutun manhajar da in na taɓa, komai zai tsaya, in gyara cikin awa ɗaya ni ma a tafa mini. Kullum sai na buɗe shi na zuba masa ido. In taɓa?

Mai Reno, Cluj

Ƙanwata Mai Reno,

Kada ki taɓa. A ƙarshen wannan layin akwai wata tsohuwa a kantin magani tana jiran na hawan jini, kuma ba ta cikin rikicinku. Sannan wanda ya karya da gangan ba ya samun tafin da mai karyawa da wauta yake samu. Irin Tiberiu baiwa ce, ba a koyonta da girma.

Amma bari in yi wa Horatiu adalci. Tambayarsa ta jahilci ce, sai dai ke kika reni jahilcin. Shekara da shekaru kina share matsala tun kafin a farka, ba ki gaya wa kowa ba, kina jiran a gode miki a kan abin da kika ɓoye. Mutanenku sun san zane, sun san gini, sun san bikin saki. Kulawa, wadda ita ce mafi tsawon rayuwar manhaja, ba su taɓa ganinta ba, domin ke kin tsaya a gabanta.

Ga abin da za ki yi. Na tabbata kina da hutun da kika tara ba ki ci ba. Irinku duk haka kuke. Ki nemi shi gaba ɗaya, yanzu, kafin bazara ta ƙare. Ki zauna da Horatiu ki nuna masa duk abin da kike yi da safe, ba ragi ba ƙari, ki roƙe shi ya zaɓi wanda zai riƙe miki. Zai zaɓi gwarzonsa. Ki koya wa Tiberiu da zuciya ɗaya, har abin da za a yi in oda ta tsaya don kada masu magani su wahala. Daga nan ki ɗauki mahaifiyarki ku hau tsaunin Apuseni, ƙauyen da waya ba ta kamawa.

In kin dawo kin tarar ana nemanki ido rufe, kada ki yi dariya a fili, ki nemi mataimaki da ƙarin matsayi. In kuma kin tarar komai lafiya, to kin reni abin da ya iya tsayawa da ƙafarsa, kuma wannan shi ne abin da za ki faɗa wa kamfani na gaba. Ko ta wane hali, amsar tambayar Horatiu ba daga bakinki za ta fito ba.

Allah ya ba da sa'a. Ki gaida Mama, kuma ki bar kwamfutar a gida.

Smaranda