Sifilin da Aka Ba Auta

Zuwa ga: Mai girma Sufeton Makarantun Firamare
Daga: Tela, mahaifiyar wata ɗalibar aji huɗu
Rana: Litinin, 17 ga Nuwamba
Game da: Zargin satar amsa da aka yi wa 'yata kan insha'in gidan namun daji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka.

1. A makarantar 'yata, wadda muke kira Auta, an ɗauki ziyarar gidan namun daji tamkar tukwici. Na ɗaya zuwa na goma a jarrabawa su kaɗai ke shiga mota. Ranar Alhamis, 6 ga wata, aka tafi da su. Auta ta zo ta talatin da biyu, don haka aka bar ta da sauran suna share aji. Amma da aka dawo, kowa da kowa aka ba aikin rubuta insha'i a kan dabbar da ta fi burge shi. Ikon Allah! Wanda aka bari da tsintsiya, me zai rubuta?

2. Ranar Asabar, 8 ga wata, na rufe shago, ɗinkin mutane na jira, na kai ta gidan namun dajin da kaina. Ranka ya daɗe, yarinyar da sai an yi da gaske take cika layi uku, ranar Lahadi ta kifa ciki a kan teburin yankan yadi ta cika shafi guda. Ta rubuta cewa harshen raƙumin dawa baƙi-baƙi ne, ba ja ba kamar na zanen littafinsu. Ta rubuta yadda yake ware ƙafafun gaba kafin bakinsa ya kai ga ruwa. Har tambaya ta saka a ƙarshe, wai ko wuyansa ba ya ciwo. Ni kaina da shekaruna ban san da zancen harshen nan ba.

3. Ranar Laraba, 12 ga wata, malamin ajinsu ya dawo mata da takardar da ƙaton sifili na jan biro. Ya tsayar da ita gaban aji ya ce kwafa ta yi, tunda sunanta ba ya cikin jerin waɗanda suka je. Ta ce uwarta ce ta kai ta, ya ce ta ƙara da ƙarya.

4. Kashegari na je makarantar da tikitin shiga guda biyu. Hedimasta ko kallonsu bai yi ba. Takardar neman afuwa ya miƙo mini in sa hannu, wai don a rufe magana. Ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Na ƙirga kuskuren rubutu goma sha takwas a shafin nan, duk nata ne, na san su kamar yadda na san ɗinkina. A nuna mini ɗan gaban ajin da aka kwafo su daga wurinsa.

Tun ranar Larabar nan, Auta ba ta sake taɓa fensir ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba sifilin ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinka, cikin ladabi, da a soke wannan maki a duba aikin da adalci, kuma a daina ware 'yan baya daga ziyarar, domin su suka fi bukatar gani da ido. Sannan malamin ya karanta insha'in da bakinsa a gaban ajin da ya kira ta ɓarauniya. Idan nauyi ya hana shi, Litinin mai zuwa zan tsaya a ƙofar ajin in karanta da kaina, kuma muryata ba ƙarama ba ce.

Na haɗo da kwafin insha'in da tikitin biyu. Allah ya ƙara girma, ya yi jagora.

Taka mai biyayya,
Tela, mahaifiyar Auta