Ƙaramin b a Taken Kawu Hamma

Daura, Litinin

Yaya Hafizu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya abokanka 'yan badujala? Inna na gaishe ka, ƙafar da sauƙi.

Batun taken da kake son koya. Kawu Hamma ya zo daga garin Babban Mutum, na zaunar da shi a zaure ya busa da sarewarsa, na ɗauka a waya. Manhajar nan da ka sa na sauke ta mayar da shi rubutun kiɗa tsaf. Amma duk inda sauti ya kaɗa sai ta ɗora "tr" da wani layi kamar sawun maciji. Na shiga intanet, wallahi datata ta sha wuya. Wai in "tr" ce kawai, sautin na kai-komo ne cikakken taki zuwa na sama. In akwai alama kamar ƙaramin b a kanta, rabin taki ne. To masu b ɗin nan sun cika shafi.

Kar ka fara koya tukuna, sai na sa wa Kawu ya ji.

Ƙanwarka,
Hadiyya

Daura, Laraba

Yaya,

Barka da war haka, ina fatan kana lafiya.

Na sa manhajar ta busa wa Kawu. Ya ce masu cikakken taki nasa ne, haka babansa ya koya masa, amma sauran ba sa cikin taken, na'ura ce ta yi ƙari. Har da faɗa fa. Sai na sa masa busarsa da na ɗauka. Ya ɗauki sarewa ya sake busawa, ni kuma na zuba wa hannunsa ido. Yaya, yatsansa na tsakiya ne ke rawa a bakin ramin, ba ya rufewa duka, shi ke jawo masu b ɗin nan. Shi ma ya gani.

Muka zauna muka bi su ɗaya-ɗaya, yana cewa goge ina gogewa. Da muka gama na sake sa masa, ya ce yawwa, wannan ne taken, shi za ka busa. Na turo maka yanzu. Ya kuma yarda Inna ta raka shi asibiti gobe.

Ya ce in goge busar da na ɗauka, kar kowa ya ji. Ban goge ba, kuma ba zan turo maka ba, kar ma ka tambaya.

Ka huta lafiya.

Taka,
Hadiyya