Gishirin Gaisuwa

Litinin, 2 ga Oktoba

Sati uku da binne mijina Merle. Matan coci ba su daina kawo abinci ba: dankali da cuku, naman alade mai gishiri, miyar gwangwani da taliya. Firji ya cika, na kai wasu gareji. Shekara goma sha ɗaya ina girki ba gishiri saboda zuciyarsa, har na manta ɗanɗanon gishirin. Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Maganina ina sha. Litiyom, na ciwon taɓin hankali, safe da yamma, kamar kullum.

Alhamis, 5 ga Oktoba

'Yata Tonya ta kira daga birnin Fargo. Ta sake ɗauko zancen ɗakin da ta gyara mini a gidanta. Wai babanta ne ke lura da ni, yanzu wa zai lura? Na ce mata shekara ashirin da biyar rabona da gadon asibiti. Ta ce ta sani, ai ita ta riƙa dafa wa ƙannenta abinci a lokacin.

Ba zan bar gidan nan ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na yi wa kicin fenti, ruwan ƙwai. Na wanke labule duka. Rawar hannun nan da maganin ke sa ni ta ragu, har zare na zura a allura da kaina. Barcin awa huɗu ya ishe ni.

Talata, 17 ga Oktoba

Ardis maƙwabciyata ta shigo da wata tukunyar abinci, ta tsaya tana kallon bango. Wai na yi mata surutu minti arba'in ba ta samu ta sa baki ba, ita da ko fasto ba ya iya katse ta. Mun yi dariya. Da za ta fita ta ce, “Ƙawata, wannan ba ke ba ce.”

Na zauna ina kallon bangon. Na san wannan daɗin. Haka ciwon ya fara a wancan karon da aka kwantar da ni, da fenti. Da Merle na nan da tuni ya ajiye jarida ya ce in ɗauko rigar sanyi mu je a duba jini.

Na kira asibiti da kaina. Sau biyu ina ajiye wayar kafin na bari ta shiga.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Maganin ya yi ƙasa a jinina. Joelle, nas ɗin da ke duba ni, ta tambaya ko na tsallake. Na rantse ko sau ɗaya. Sai ta ce me nake ci. Ina lissafa mata ta dafe goshi. Ashe idan gishiri ya ƙaru a abinci, jiki kan zubar da maganin tare da shi. Awon maganin da aka yi mini tun asali, a kan girkin Merle marar gishiri aka yi shi.

“Wato matan coci ne suka so su haukata ni?”

“Da kyakkyawar niyya,” in ji ta.

Likita ya ce in koma irin cin da na saba, a sake awo nan da sati biyu.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na gaya wa Tonya duka, ban ɓoye fentin ba. Ta tambaya wa ya kai ni asibiti. Na ce ni.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Jini ya daidaita. Rawar hannu ta dawo, na ɓarar da kofi a rigar coci. Ba laifi. Jiya na yi kuka a sashen kayan miya na kanti, kuka na hankali, irin wanda ake yi a gama a biya kaya a tafi gida.

Tonya ta zo ta wuni. Ba ta ambaci ɗakin ba. Na ce mata ta riƙe mabuɗin gidan guda ɗaya, ba don komai ba.

Bayan ta tafi na shuka tafarnuwa a bayan gida kafin ƙasa ta daskare. Layukan sun karkace. Sai watan Yuli za a tone ta.