Rigar Injin Shu'ibu

Ikko, 9 ga Agusta, 1974

Zuwa ga Yaya Inuwa, Kirikasamma.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da Safara'u? Yaya ruwa bana? Allah ya sa bai cinye mana shinkafar fadama ba.

Ni lafiya lau, sai gajiya. Injin da nake aiki da shi yana sassaƙa ƙarfe, yana zirga-zirga a kan ƙarafa biyu masu santsi kamar titin jirgi. An lulluɓe su da wata riga mai naɗe-naɗe, sak zugazugin maƙerar Baba, don kada garin ƙarfe ya zuba musu. Da rigar ta yage sai na cire ta. Da na ga tsatsa a ƙarafan kuma, sai na dirje su da yashi, yadda muke yi wa galma a bakin kogi. Yaya, ashe ɓarna na yi. Mako uku ke nan ina durƙushe ina gyaran inda ya kakkarce, kuma shugaban aiki ya ce in ban samo wata rigar ba, in kama hanyar gida.

Don Allah ka sa Bala baduku ya ɗinka mini irinta da jemammiyar fatar akuya, tsawon kamu uku. Ga zanenta na haɗo. In ya gama, ka ba direban motar kifi da ke zuwa Ikko ya kawo mini.

Garin ƙarfen da ake kare injin daga gare shi, mu muke shaƙarsa, mu kuwa ba wanda ya ɗinka mana riga. Tarin da yake sa ni bai yi tsanani ba, amma kada ka gaya wa Inna.

Ƙaninka,
Shu'ibu